Dirhamin Azurfa Shaida Ne, Amma Sai An Yi Masa Tazkiyya

A cikin watan Yuli na shekarar 1999, a wata gona da ake kira Spillings a tsibirin Gotland, wanda ke tsakiyar tekun Baltik ƙarƙashin mulkin Suwidin, aka tono wata binnanniyar dukiya ta azurfa wadda nauyinta ya kai kilo 67, akwai awarwaro da zobba da sanduna a ciki, akwai kuma sulalla fiye da 14,000, waɗanda in ka ɗebe 'yan ƙalilan duk dirhamai ne na ƙasashen Musulmi, ɗauke da kalmar shahada cikin rubutun Kufi, alhali tsakanin inda aka buga su da inda aka binne su tafiya ce ta watanni, ta hamada da kogi da ƙanƙara. Mutumin da ya binne su bai bar wasiyya ba, ba kuwa wani marubucin tarihi da ya ambace shi. Amma duk da haka masana sun yanke cewa ba a binne dukiyar nan kafin shekara ta 257 ta Hijira ba, wato 870 zuwa 871 na Miladiyya, domin ita ce shekarar da ke jikin dirhamin da ya fi sauran ƙuruciya. Kafin a kai ga wannan hukunci kuwa, sai da aka ɗauki sulallan nan ɗaya bayan ɗaya, aka auna, aka karanta, aka sa kowanne cikin ɗabaƙarsa.

Ra'ayina game da wannan aiki shi ne, tantance tsofaffin kuɗin azurfa da aka buga da guduma ilmi ne mai usuli da ƙa'ida, ba sha'awar masu tara kayan tarihi kaɗai ba, kuma mu da muka tashi muna karatun Larabci da fiƙihu mun fi mutane da yawa kusa da ƙofarsa, ko da yake har yanzu ba mu ƙwanƙwasa ba.

Dalilina na farko yana cikin littattafan da ke zaurukanmu. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, a fitar da 5. Ya san mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Maliku rubu'in dinari ne ko dirhami 3. In ya zurfafa kuma zai ji cewa dirhami 10 na shari'a su ne nauyin misƙali 7. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu haddace waɗannan alƙaluma suka taɓa ganin ko da hoton dirhamin da ake magana a kansa, balle su san faɗinsa bai kai yatsu biyu ba, nauyinsa kuma yana gab da giram 3. Babin da ya fi wannan ƙarfin hujja ma shi ne babin rikazi. Fuƙaha'u sun ce dukiyar da aka tono in ta jahiliyya ce, a fitar da humusi. In kuwa Musulmi ne ya binne ta, hukuncinta hukuncin tsintuwa ne. To, da me za a rarrabe? Da alamar da ke jikinta: gunki ne ko gicciye ko sunan wani sarki na da, ko kuwa kalmar shahada ce da aya da sunan halifa. Ashe ke nan shari'a da kanta ta rataya hukunci a kan karanta tsabar kuɗi, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa, malamai sun san matsayinsa.

Ba za a fahimci yadda ake tantancewa ba sai an san yadda ake bugawa. Mai sassaƙa yakan ɗauki ƙarfe biyu, ya zana rubutu a kan kowanne a juye, kamar yadda ake zana hatimi. Ɗaya a kafa shi a ƙasa cikin gungume, ɗaya a riƙe da hannu. A ɗora fallen azurfa da aka riga aka auna a tsakaninsu, sa'an nan a sauke guduma. Tun da hannun ɗan Adam ne, wani bugun yakan karkace har rabin rubutun gefe ya fita daga fallen, wani ya maimaitu haruffa su hau juna, wani kuma ya yi rauni tsakiya ta fito fayau ba komai. Ƙarfen sama, da yake shi ke shan guduma, yakan riga na ƙasa mutuwa, a sassaƙa sabo a haɗa shi da tsohon na ƙasa. Wannan ƙaramin al'amari na maƙera, wanda mai karatu zai iya wucewa bai kula ba, shi ne daga baya ya zama mafi girman hujja a hannun masana, kamar yadda za mu gani.

Dirhamin Musulunci yana da wata falala da kuɗin Turai na wancan zamani ba su da ita, ita ce yana faɗin garinsu da shekarar haihuwarsa. Kafin gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi, Musulmi suna mu'amala ne da azurfa irin ta Farisa, mai hoton Kisra a fuska ɗaya da wurin bautar wuta a ɗaya fuskar, sai dai a ƙara bisimilla a gefe, wani lokaci da sunan gwamna. A shekara ta 77 ta Hijira aka fitar da dinari wanda babu sura a jikinsa sai rubutu zalla, a shekara ta 79 kuma dirhami ya biyo baya: kalmar tauhidi a tsakiyar fuska, sunan gari da shekara a kewaye, Suratul Ihlasi a tsakiyar baya, aya daga Suratut Tauba tana zagaye da ita. Babu sunan halifa ko ɗaya a jikin dirhamin Banu Umayya bayan gyaran nan, saboda haka wanda ya ce maka ga dirhamin Walidu ko na Hishamu, shekara ya duba ya yi lissafi. Da Abbasiyawa suka karɓi mulki a shekara ta 132, sai suka cire Ihlasi suka sa shaidar manzanci cikin layi uku, abin da ya sa ko almajirin da bai ƙware ba yana iya raba daulolin biyu da kallo ɗaya. Daga zamanin Mahdi sunan halifa ya zauna a jikin dirhami. A zamanin Haruna Rashid har sunan Ja'afar Barmaki ya bayyana, ya kuma ɓace bayan faɗuwar gidansu a shekara ta 187. A zamanin Ma'amun aka ƙara da'ira ta biyu mai ayoyi daga Suratur Rum. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye iyaka ce da mai rarrabewa yake kafa turke a kanta, domin a wancan zamani huɗubar Juma'a da bugun kuɗi su ne alamun sarauta guda biyu, wanda aka ambata a cikinsu shi ke da mulki, wanda aka cire sunansa kuwa an tuɓe shi ko an yi masa tawaye.

Amma kada mai karatu ya zaci da an iya Larabci shi ke nan an gama. Shekara a jikin dirhami da kalmomi ake rubuta ta, ba da alƙaluma ba, rubutun Kufi na lokacin kuwa galibi ba ɗigo ba wasali, saboda haka bakwai da tara, da saba'in da tis'in, surarsu kusan ɗaya ce, bambancin bai wuce tsawon haƙori guda ba, haƙorin nan kuma la'alla ya goge tun shekaru dubu da suka wuce. A nan ne ake bukatar istidlali. Idan dirhami ya ce a Wasiɗ aka buga shi, ka kuma yi shakka tsakanin saba'in da wani abu ko tis'in da wani abu, to, tis'in ne, domin Hajjaju ɗan Yusuf bai gina Wasiɗ ba sai bayan shekara ta 80. Haka nan idan dirhami yana ɗauke da sunan Halifa Muktafi, wanda ya yi mulki daga 289 zuwa 295, ba shi yiwuwa shekararsa ta zama ta ɗari biyu da saba'in, ko da idonka ya rantse haka ya gani. Wanda ya san yadda malaman hadisi suke kama mai ruwaya da shekarar wafatin shehin da ya ce ya ji daga gare shi, zai ga hanyar ɗaya ce, kuma a ganina wannan kamanni ya cancanci a tsaya a kansa: rubutun da ke jikin kuɗi matani ne, nauyinsa da ƙarfen da ya buga shi da ramin da aka same shi su ne isnadi, ba kuwa a karɓar matani komai kyansa sai isnadi ya inganta.

Na faɗi haka ne domin kuɗi yana tadlisi. A ƙarni na 4 na Hijira, lokacin da dirhaman Samaniyawa na Samarƙandi da Shash, wadda ita ce Tashkent ta yau, suke kwarara arewa ana sayen fatu da bayi da su, mutanen Bulgar na bakin kogin Volga, waɗanda Ibn Fadlan ya ziyarta a shekarar 922 ta Miladiyya cikin ayarin manzannin Halifa Muƙtadir, sun riƙa buga nasu dirhaman suna kwaikwayon na Samaniyawa, har da sunan gari da shekara, alhali ba a can aka buga ba, ba kuma a wannan shekara ba. Ana gane su ta kaushin rubutu, da haruffan da suka juye, da kalmomin da mai sassaƙa ya zana bai san ma'anarsu ba. A cikin tarin Spillings ɗin nan ma an sami wani dirhami da ya fi wannan ban mamaki, wanda siffarsa ta Abbasiyawa ce, amma an rubuta a jikinsa cewa Annabi Musa manzon Allah ne. Masanin Suwidin Gert Rispling da abokan aikinsa suka danganta shi da kuɗin da aka buga a ƙasar Hazar wajen shekara ta 223, ya zama shaida mai taɓuwa da hannu a kan abin da marubutan Larabawa suka ruwaito, cewa sarakunan wannan ƙasa sun karɓi addinin Yahudu.

Akwai wata ƙissa da ke yawo a tsakaninmu wadda nake so in taɓa, ko da yake ta zinariya ce. A gidan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai dinari ɗauke da kalmar shahada da sunan Offa, sarkin Mersiya a Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796 na Miladiyya, kuma wasu masu kishin addini, da kyakkyawar niyya, sukan kafa hujja da shi cewa sarkin ya musulunta. Tahaƙiƙi bai goyi bayan haka ba. Dinarin kwaikwayo ne na wanda aka buga a shekara ta 157 ta Hijira, zamanin Halifa Mansur, an kwafe har shekarar. Akwai kurakurai a Larabcin. Sunan sarkin kuma an dasa shi a kife tsakanin layukan, abin da ke nuna mai sassaƙan bai san inda saman rubutun yake ba. Abin da dinarin ya tabbatar shi ne, kuɗin Musulmi ya yi kwarjinin da har sarkin Ingila ya ga ya kamata nasa ya yi kama da shi, wannan kuwa ya ishe mu alfahari ba tare da mun ɗora wa shaida abin da bai faɗa ba.

Turawan Ingila su ma sun sha wannan wahala da nasu kuɗin, har ma tasu ta fi tsanani, domin kwabonsu na azurfa ba ya ɗauke da shekara sam. Daga 1180 zuwa 1247 an buga kwabo iri guda, mai gajeren gicciye a baya, kuma duk tsawon shekarun nan sunan Henri ne a jikinsa, alhali sarakuna huɗu ne suka yi mulki: Henri na biyu, da Richard, da John, da Henri na uku. Wanda ya tsaya ga matani zai ce Richard da John ba su taɓa buga kuɗi a Ingila ba. Sai da aka tono wani tari na fiye da 6,000 a Eccles a 1864, John Evans ya zauna a kansa ya fara rarraba shi a 1865, daga baya L. A. Lawrence ya mayar da shi ɗabaƙa 8 a 1915, suna bin siffar haruffa, da yawan nannaɗen gashin sarki, da ƙirar kambi, suna gwama sunayen masu bugun da ke bayan kwabon da sunayen da ke cikin takardun baitulmali. A 1247 aka tsawaita gicciyen har bakin kwabon, domin a gane in wani ya yanke gefen azurfar. Wannan al'ada ta daskarar da suna ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin liyarin nan mai hoton Mariya Tariza da ya zaga kasuwanninmu, ko da yake shi na inji ne, 1780 ce a jikinsa ko a wace shekara aka buga shi.

Yanzu sai mu koma ga ƙarfen nan biyu. Tun da hannu ne ya sassaƙa kowane ƙarfe, babu biyu da suke daidai, kuma tsaga ko tabon da ya samu ɗaya zai fito a jikin duk kuɗin da aka buga da shi bayan haka. Idan aka sami sulalla biyu da fuskarsu ta fito daga ƙarfe ɗaya amma bayansu ya bambanta, to, a ɗaki ɗaya aka buga su, cikin lokaci makusanci. A bi bayan na biyu a same shi haɗe da wata fuska, a bi wannan fuska a same ta haɗe da wani baya, har sarƙa ta miƙe. Da wannan sarƙa ake kama dirhamin da ya ce shi ɗan Bagadaza ne alhali ƙarfensa ya yi tarayya da na ƙasar Hazar ko Bulgar, da ita kuma ake ƙiyasta yawan kuɗin da wata daula ta buga. Aiki ne na haƙuri, mai cin ido da shekaru, kuma ban san wata hanya cikin ilmin tarihi da ta fi shi kusa da yaƙini ba.

Isnadi na ƙarshe shi ne ramin da aka tono kuɗin, shi ne kuma ya fi saurin salwanta. Tarin da aka samu a Cuerdale, bakin kogin Ribble a Ingila, a watan Mayu na 1840, ya ƙunshi abubuwa fiye da 8,600, akwai kuɗin Ingila da na Faransa da dirhamai kimanin 50, kuma haɗuwarsu wuri ɗaya ita ce ta nuna an binne shi a farkon ƙarni na 10, ta kuma nuna hanyoyin da ma'abotansa suka bi. Dirhamin da aka gutsure da wanda aka yi wa tsaga da bakin wuƙa su ma suna magana, domin mutanen Arewacin Turai ba su karanta rubutun, auna azurfar suke yi, su sare ta in ciniki bai kai guda ba, su soke ta don su tabbatar ba dalma ce a ciki ba. In aka raba tari aka sayar ɗaya-ɗaya ba a rubuta ba, kowane guda zai ci gaba da faɗin garinsu da shekararsa, amma labarin tafiyarsa ya tafi har abada. Shi ya sa nake ganin dokar da Ingila ta yi a 1996, wadda ta wajabta kai rahoton irin wannan tsintuwa, a kimanta ta, a biya wanda ya samu da mai gona, doka ce ta hikima, domin ta sa faɗin gaskiya ya fi ɓoyewa riba. Shi ya sa kuma nake ƙyamar sayen tsohon kuɗin da ba a san asalinsa ba, musamman abin da ke fitowa daga ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, domin mai saye shi ke ɗaukar nauyin mai tonon dare.

Na san za a ce, jama'a na fama da tsadar hatsi, ina ruwansu da haƙorin harafi a jikin dirhamin Wasiɗ? Za a kuma ce ƙasar Hausa da wuri ta yi ciniki, ba ta buga azurfa ba, saboda haka ba gadonmu ba ne. Maganar farko ana iya yin ta a kan nahawu da aruli da ilmin taurari, ba mu kuwa bar su ba a shekarun da suka fi waɗannan yunwa. Ta biyu kuma gaskiya ce ta fuskar ƙasa, amma ba ta fuskar ilmi ba, domin tarihin halifofi da muke karantarwa, da ma'aunan da muke fitar da zakka da su, duk a jikin wannan azurfa suke. Magabata ba su raina fannin ba: Balazuri ya keɓe masa babi a Futuhul Buldan, Ibn Haldun ya yi bayaninsa a Muƙaddima, Maƙrizi, wanda ya rasu a shekara ta 845 ta Hijira, ya wallafa risala sukutum a kan kuɗi. Amma wanda ya kafa wa karatun dirhami ƙa'idojinsa na zamani Bajamushe ne, Christian Frähn, da ya yi aiki a Rasha ya rasu a 1851; Tornberg ya wallafa kundin dirhaman Suwidin a 1848, Stanley Lane-Poole kuma ya yi na Landan tun daga 1875. Sun cancanci yabo, domin sun koyi harshen da ba nasu ba har suka yi masa hidimar da ta wanzu. Abin da ke damuna shi ne mu da muke buɗe baki da wannan harshe tun muna riƙe da allo, a ce babu sunanmu a cikin masu wannan hidima.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba, ba ya kuma bukatar a sayi dirhami ko ɗaya. Manyan gidajen tarihi na Landan da Oksfod da Niyok sun sa hotunan dubban sulalla a intanet, da nauyinsu da faɗinsu, kowa na iya dubawa kyauta. Sassan Larabci da na tarihi a jami'o'inmu suna iya haɗa kai su ware zango guda: a fara da dirhamin Wasiɗ, domin ya fi yawa, rubutunsa kuma ya fi fitowa sarai, a wuce zuwa na Madinatus Salam, wato Bagadaza, da Muhammadiyya, inda sunaye suka fara yawa, a rufe da na Samaniyawa a gefen kwaikwayonsu na Bulgar, a bar ɗalibi ya raba su da kansa ya kawo hujja. A koya masa ya rubuta nauyi da faɗi kafin ya karanta komai, ya bambanta abin da ya gani da abin da ya cike da zato, ya gane jabun da aka zuba a kwami ta ƙananan ramukan kumfa da layin haɗi a gefe. A kuma isar da saƙo ga maƙeran farfaru, waɗanda tsofaffin sulalla sukan biyo ta hannunsu a kan hanyar zama zobe ko munduwa, cewa duk wanda suka ga rubutunsa ya saɓa wa na liyari da na sulen Ingila, su dakata da wuta, kada kuma su goge shi da toka ko tsamiya, su ɗauki hoton fuska da baya, su auna, su tambayi wanda ya kawo inda ya samo shi, sa'an nan su nuna wa malamin da ya iya karanta Kufi.